MADE IN JAPAN: Faifan da masu shi suka raina, ya zama abin farauta

MINTI kusan 20 aka shafe ana ɓarin kiɗa kamar za a tsaga rufin ɗakin. Mai ganga yana duka ba ji ba gani, mai jita yana sa tsirkiya kuka, mai ogan kuwa yana fitar da wani irin gurnani kai ka ce jirgin sama ne ke shirin tashi. Can sai aka yanke kiɗan ƙat! Ɗaki ya yi tsit. Matasan Japanawa da suka cika wurin suka yi zuru, aka rasa mai fara tafi, kamar ba su tabbatar ko an gama ko da saura ba. Sai da aka ɗan jima sannan wuri ya kaure da tafi da sowa.

Wannan abu ya faru ne a birnin Osaka na ƙasar Japan a ranar 16 ga Agusta, 1972. Kuma duk wanda ya ɗora allura a kan fuska ta huɗu ta faifan garmaho mai suna Made in Japan, ya saurara har ƙarshe, zai ji wannan shirun da kunnensa. Ba a yanke shi ba. Hasali ma dai babu abin da aka koma situdiyo aka sake rerawa ko aka sake kaɗawa a cikin faifan baki ɗaya. Yadda aka yi a gaban jama'a, haka aka buga, haka aka sayar.

Abin mamaki shi ne, su kansu masu kiɗan, wato ƙungiyar Deep Purple ta ƙasar Ingila, ba su ɗauki aikin da muhimmanci ba. Da ƙyar aka shawo kansu suka yarda a ɗauka, kuma da aka zo haɗa sauti uku daga cikin su biyar ko leƙowa ba su yi ba. To amma fiye da shekara 50 bayan nan, duk inda masana kiɗan rok suka zauna lissafin faifayen da aka ɗauka a gaban 'yan kallo, da wuya a kai na goma ba a ambaci wannan ba. Masu tara tsofaffin faifaye kuwa har yanzu suna farautar bugunsa na farko. Wai shin me ke cikinsa ne?

SU WANE NE DEEP PURPLE?

An kafa Deep Purple a Ingila a shekarar 1968. Da farko sun ɗan yi tashe a Amurka da wata waƙa mai suna Hush, amma ba su samu bakin zaren ba sai a 1969, lokacin da suka sauya mawaƙi da mai jitar bes. Daga nan ne aka samu mutum biyar ɗin da tarihi ya fi sani: Ian Gillan mai waƙa, Ritchie Blackmore mai jita, Jon Lord mai ogan, Roger Glover mai jitar bes, sai Ian Paice, bahagon makaɗin ganga.

Salon kiɗansu shi ake kira rok mai zafi: ganga mai nauyi, jita mai amfani da lantarki da aka ƙure wa murya, da mawaƙi mai iya ƙwalla ƙara ba tare da ya saki karin waƙa ba. Tare da Led Zeppelin da Black Sabbath, su ne ukun da ake cewa sun aza harsashin wannan salo a Ingila.

Abin da ya bambanta su da sauran shi ne ogan ɗin Jon Lord. Mai karatu ya san fiyanon situdiyon waƙoƙin fim, wanda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da komai a cikinsa. To na Lord ba irinsa ba ne. Wani jibgegen akwati ne na katako ƙirar Hammond, wanda aka fi sani a majami'u da gidajen kiɗan jaz. Shi kuwa gogan naka sai ya jona shi da amfilifayar Marshall irin ta masu jita, ya zama ogan na ruri kamar zaki, yana gogayya da jitar Blackmore kafaɗa da kafaɗa. Wajen ƙarar sauti kuwa ba a magana. Littafin bajinta na Guinness ya taɓa sanya su a matsayin ƙungiyar da ta fi kowace ƙara a duniya, bayan wani wasa da suka yi a gidan Rainbow na Landan a 1972, inda aka auna ƙarar ta kai desibel 117.

GOBARAR DA TA HAIFI WAƘA

Kafin a je Japan sai an bi ta Suwizalan, domin can aka ɗauki kundin da yawancin waƙoƙin da ke cikin faifan suka fito daga cikinsa. A watan Disamba na 1971 ƙungiyar ta sauka a garin Montreux da ke bakin tafkin Janeba, da niyyar ɗaukar sabon kundi a wani babban ɗakin wasa na gidan cacan garin. Sun yi hayar motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones, wato situdiyo sukutum a cikin babbar mota.

Ana gobe za su fara aiki, a ranar 4 ga Disamba, mawaƙin nan na Amurka Frank Zappa yana wasa a ɗakin, sai wani ɗan kallo ya harba bindigar nan mai fitar da wuta mai haske da ake neman agaji da ita. Wuta ta kama rufi. Kafin ka ce kwabo ginin ya ƙone ƙurmus. Allah ya kiyaye babu wanda ya mutu. 'Yan Deep Purple suna kallon hayaƙi ya lulluɓe saman tafkin, kuma daga wannan gani ne Roger Glover ya samo sunan waƙar Smoke on the Water, ma'ana hayaƙi a kan ruwa.

Da suka rasa wurin aiki, sai suka ƙare a wani otal da aka rufe saboda hunturu, mai suna Grand Hotel. A barandar cikin otal ɗin suka jera kaya, suka toshe da katifu, suka ɗauki kundin Machine Head, wanda ya fito a watan Maris na 1972 ya kuma hau lamba ɗaya a Ingila. Waƙoƙi huɗu daga cikin bakwai na Made in Japan daga wannan kundi suka fito. Duk wanda ya kalli fim ɗin School of Rock na 2003 ya ji ɗan kiɗan buɗe Smoke on the Water, a inda Jack Black yake gwada wani yaro ɗan makaranta da jita.

BA SU SO A ƊAUKA BA

A wancan lokaci manyan mawaƙa da yawa suna yi wa faifan da aka ɗauka a dandali kallon kayan cike gurbi. Sautin yakan fito a cakuɗe, kurakurai su bayyana, don haka wasu sukan koma situdiyo a ɓoye su sake rera wuraren da murya ta kauce, su sake kaɗa inda hannu ya zame, sannan a sayar wa jama'a a matsayin abin da aka yi a gabansu. 'Yan Deep Purple sun san ƙarfinsu a dandali yake, amma suna ganin babu na'urar da za ta iya kama abin yadda yake.

Abu biyu suka sauya lissafi. Na farko, masu satar fasaha. Tuni wani faifan sata mai suna H-Bomb, wanda aka naɗa a wasan da suka yi a garin Aachen na Jamus a 1970, yake yawo a kasuwa, ana cin kuɗi da guminsu ba tare da ko sisi ya shigo aljihunsu ba. Wannan ciwo ne da duk furodusan da ya taɓa sakin fim ya tarar da kwafinsa a baro washegari ya san zafinsa. Amma satar ta nuna masu abu ɗaya: akwai masu son sayen kiɗansu na dandali.

Na biyu, kamfanin da ke buga faifayensu a Japan, wato Warner-Pioneer, ya matsa lamba cewa tunda za su zo ƙasar a karon farko, a bari a ɗauki wasannin. Sai suka yarda, amma da sharuɗɗa. Su za su zo da nasu injiniyan sauti. Su ke da ikon cewa a fitar ko kada a fitar bayan sun saurara. Kuma a Japan kaɗai za a sayar.

Injiniyan shi ne Martin Birch, matashi ɗan shekara 23 a lokacin, wanda ya yi masu aikin Machine Head. Da ya ga na'urar da aka tanadar masa, mai layi takwas kacal, sai jikinsa ya yi sanyi, domin bai ga alamar za ta iya ɗaukar wannan aradu ba. Layi takwas ke nan za a raba wa ganguna da jita biyu da ogan da murya da kuma 'yan kallo. Duka-duka abin da aka kashe a aikin bai wuce kimanin dala 3,000 ba.

Su kuwa makaɗan, da yake ba su sa rai da komai ba, sai suka manta ma ana ɗauka. Masu iya magana suka ce inda ba a zato nan ake tsintar dami a kala. Rashin damuwar nan ita ta sa suka saki jiki suka yi abin da suka saba.

DARE UKU, WAƘA BAKWAI

Wasa uku aka yi: 15 da 16 ga Agusta a Osaka, sai 17 ga wata a babban ɗakin Budokan na Tokiyo, wanda aka gina domin gasar judo ta wasannin Olamfik na 1964, inda kuma Beatles suka yi wasa a 1966. Daga cikin dararen uku aka tsamo waƙa bakwai, aka raba su a faifai biyu masu fuska huɗu, tsawon minti 76 da ɗoriya. Huɗu daga daren Osaka na biyu suka fito, biyu daga Tokiyo, ɗaya kuma, wato Smoke on the Water, daga daren farko.

Highway Star ce ta buɗe fage. Ogan da ganga suna tasowa a hankali kamar direba na ɗumama mota, sannan a fizga da gudu. Daga ita sai Child in Time, mai minti 12, wadda take farawa a sanyaye kamar rarrashin yaro, har ta kai inda Gillan yake hawa da murya mataki-mataki zuwa wata irin ƙara mai sa tsigar jiki tashi. A fuska ta biyu, bayan Smoke on the Water, akwai The Mule, inda sauran huɗun suka ja gefe suka bar Ian Paice shi kaɗai da gangunansa na tsawon mintuna. Dab da ita ne ake jin Gillan yana roƙon mai kula da sauti, cikin raha, wai a sa kowane abu ya fi kowane abu ƙara. Maganar ta zama karin magana a tsakanin 'yan rok har yau.

Wurin da zai fi burge mai kunnen waƙar Hausa shi ne Strange Kind of Woman. A tsakiyarta ake yin wata irin ba-ni-in-ba-ka: Blackmore zai kaɗa ɗan gajeren kari da jita, Gillan ya mayar masa da shi daidai da baki, jita ta ƙara sama, murya ta bi ta. Tamkar mawaƙi da ɗan amshi, sai dai a nan ba a san waye uban kiɗi ba, kuma kowa na neman ya ƙure ɗan'uwansa. Sai Lazy, wadda Lord ya buɗe da wasa da ogan shi kaɗai, Gillan kuma ya busa ɗan abin busar nan na baki. Fuska ta huɗu gaba ɗayanta Space Truckin' ce. A situdiyo waƙar minti huɗu da rabi ce, amma a Osaka ta kusa minti 20.

A nan ne bambancin yake da abin da aka saba gani a gala, inda za a saka waƙa a lasifika jarumi ya riƙe makirfo yana mamin, kuma ko sau goma aka maimaita abu ɗaya za a ji. Su waɗannan ba sa yin waƙa iri ɗaya sau biyu. Kowane dare akwai inda mai jita zai kauce hanya da gangan, sauran su bi shi da ido da kunne har a dawo tare. In an yi sa'a a yi abin tarihi, in ba a yi ba a ji kunya a gaban dubban mutane. Ba "kat", ba "a sake".

Da aka koma Landan, Glover da Paice ne kaɗai suka zauna da Birch wajen haɗa sautin. Shi Gillan ma bai ji daɗin yadda muryarsa ta fito ba, yana ganin bai yi yadda ya saba ba. Duk da haka ba a taɓa ta ba.

DAGA BOMBAY ZUWA BOMBAY

Ga wani abu da zai ba masu son finafinan Indiya dariya. Karin da aka gina Child in Time a kansa ba Deep Purple suka ƙirƙiro shi ba. Sun ɗauko shi ne daga wani kiɗa mai suna Bombay Calling na wata ƙungiyar Amurka da ake kira It's a Beautiful Day, suka rage masa gudu, suka ɗora nasu. Gillan da kansa bai ɓoye wannan ba.

Shekara 25 bayan nan, a 1995, aka saki fim ɗin Akele Hum Akele Tum na darakta Mansoor Khan, wanda Aamir Khan da Manisha Koirala suka fito a ciki, Anu Malik ya yi kiɗa. Masu kunne sun daɗe suna nuna cewa wani sashe na waƙar Aisa Zakhm Diya Hai da ke cikin fim ɗin, karin Child in Time ne aka sa wa rigar Indiya. Ka ji fa! Kiɗan da aka raɗa wa sunan Bombay a Amurka ya bi ta Ingila ya koma Bombay. Ashe wankiya ba a Kano aka fara ta ba.

KASUWA TA YI HALINTA

Da manajojin ƙungiyar da su kansu makaɗan suka saurari abin da Birch ya kamo, sai magana ta canza. Sharaɗin "Japan kaɗai" ya tashi. A watan Disamba na 1972 faifan ya fito a Ingila a ƙarƙashin kamfaninsu na Purple Records, a farashi mai rahusa, cikin kwali mai ruwan zinare da ke buɗewa kamar littafi. Ya kai lamba 16 a jerin faifayen da suka fi kasuwa a ƙasar.

Sunan ma akwai zolaya a ciki ga mai kunnen wancan zamani. Yau in an ce kaya ɗan Japan ne an san ana nufin mai aminci, amma shekaru kaɗan kafin fitowar faifan Turawa suna yi wa tambarin "Made in Japan" kallon alamar kayan arha.

A Amurka kamfanin Warner ya so ya ja ƙafa, domin akwai sabon kundin situdiyo mai suna Who Do We Think We Are da ake son a fara saki a Janairun 1973. To amma 'yan kasuwa ba su jira ba, sai suka dinga shigo da bugun Ingila suna sayarwa kamar ƙosai mai zafi. Ganin kuɗi na wucewa ta gefe, dole kamfanin ya fitar da nasa a watan Afrilu na 1973. Faifan ya hau lamba 6 a jerin Billboard, ya kuma wuce kwafi miliyan ɗaya a Amurka kaɗai. A wannan shekarar ce Smoke on the Water ta kai lamba 4 a ƙasar. Aikin dala 3,000 ke nan.

ANA TSAKIYAR CIN KASUWA AKA WATSE

Wanda ya ji yadda murya da jita suke zolayar juna a faifan zai ɗauka aminan juna ne. Ina! A lokacin tuni dangantaka ta yi tsami tsakanin Gillan da Blackmore, ga gajiyar yawon wasa ba hutu. A ƙarshen 1972, daidai lokacin da faifan ke fitowa, Gillan ya rubuta takardar barin aiki. Ya ci gaba da wasa har aka cika alƙawuran da aka ɗauka, kuma wasansa na ƙarshe ya faɗo ne a ranar 29 ga Yuni, 1973. A ina? A Osaka. Glover ma a nan ya yi sallama.

David Coverdale da Glenn Hughes suka maye gurbinsu. Blackmore ya fice a 1975 ya kafa Rainbow, ƙungiyar kuma ta watse a 1976. Mutum biyar ɗin sun sake haɗuwa a 1984, amma tsohuwar gaba ba ta mutu ba, Blackmore ya tafi gaba ɗaya a 1993. Jon Lord ya rasu a 2012. Martin Birch, wanda daga baya ya yi suna da aikin da ya yi wa Iron Maiden, ya rasu a 2020. A 2016 aka shigar da Deep Purple zauren karrama gwanayen rok na Amurka, kuma a 2024 Gillan da Glover da Paice, tare da sababbin abokan aiki biyu, sun fitar da wani sabon kundi.

Wato dai Made in Japan ya kama su ne a ƙololuwa, wata goma kafin a rabu.

ME AKE NEMA A TSOHON FAIFAI?

Faifan garmaho, irin wanda aka buga waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kai, baƙin faranti ne na roba mai faɗin inci 12, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Kamfanin Columbia na Amurka ya fito da irinsa a 1948. Kowace fuska tana da siririn kwari guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, allura na bin sa tana karkarwa, karkarwar ce ke zama sauti. Fuska ɗaya ba ta cika wuce minti 22 ba, shi ya sa Space Truckin' ta cinye guda ita kaɗai.

Kaset da CD sun so su binne shi, amma ya tashi. A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce CD tun 1987. Wannan farfaɗowa ta ƙara wa tsofaffin bugu daraja.

To me ya sa bugun farko? Wanda ya yi zamanin kaset ɗin bidiyo ya san bambancin hoton da aka kwafa daga masta da kwafin kwafi, inda fuskar jaruma take komawa dishi-dishi. Haka abin yake a nan. Bugun farko daga sabon tef aka yanka shi, kuma ƙarfen da ake danna robar da shi bai gaji ba tukuna.

Masu tarawa suna da alamomin da suke dubawa. Bugun Ingila lambarsa TPSP 351, na Amurka kuma 2WS 2701. A na Ingila na farko, ƙaramin rubutun da ya kewaye takardar tsakiya yana ɗauke da sunan The Gramophone Co., wanda daga 1973 aka sauya zuwa EMI Records. Daga wannan kalma ta "gramophone" Bahaushe ya samo garmaho. Sannan akan karkata faifan a haske a duba santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. A can ake samun lambobin ƙarfen bugu, da kuma laƙabin Porky ko Pecko da aka karta da hannu, sa hannun George Peckham ke nan, gwanin da ya yanka faifan.

Amma gangariyar ita ce bugun Japan na farko. Shi sunansa ma daban, Live in Japan, kwalinsa daban, da hoton dandali da aka ɗauko daga sama. Yana zuwa da wata siririyar ɗamarar takarda da ake kira obi, mai ɗauke da suna da farashi da rubutun Japananci. Yawancin masu saye yage ta suke yi su yar, don haka wanda ya tsira da tasa ya fi tsada. Bugu da ƙari, a kwafin farko-farko an saka ɗan yankin negetif na fim mai milimita 35, domin mai saye ya kai wa mai hoto a wanke masa hotunan ƙungiyar. Samun kwafi mai obi da negetif da takardar ciki, duk lafiya lau, shi ne burin mai tarawa.

Sai dai a yi hattara, ba kowane tsohon faifai ne dukiya ba. Abin da aka buga fiye da miliyan ba ya wuyar samu, kuma kwafi mai karce da yagaggen kwali kuɗinsa kaɗan ne. Daraja tana ga bugu da kuma lafiya. Wanda ya tsinci faifayen mahaifinsa a ƙasan akwati, ko na wane mawaƙi ne, ya jera su a tsaye, kada ya ɗora wani kan wani, ya nisanta su da rana domin zafi na lanƙwasa su, ya kare su daga ƙura, kuma ya riƙe su ta gefe.

SAUTI YA TSIRA, HOTO YA SALWANTA

Akwai abin takaici ɗaya, musamman ga ɗan fim. Babu wanda ya yi tunanin kai ƙwararrun masu kyamara wurin. Abin da ya fito fili na hoto mai motsi shi ne wani ɗan guntun fim mai milimita 8, marar launi, daga daren Tokiyo, wanda aka daidaita da sautin Highway Star aka saka a wani DVD na tarihin ƙungiyar a 2009. Sauran sai dai mutum ya rufe ido ya hasko da kansa.

Tef ɗin Birch kuwa an adana su, kuma ba su daina haihuwa ba. A 1993 an fitar da CD uku masu ɗauke da mafi yawan abin da aka yi a dararen uku, inda masoya suka ji da kunnensu cewa kowane dare da irin nasa. A 1998 aka sake fitar da kundin tare da waƙoƙin ƙari da aka yi bayan jama'a sun nemi a dawo, wato Black Night da Speed King da Lucille. A 2014 aka fitar da akwati mai faifan garmaho tara, a 2025 kuma Steven Wilson ya sake haɗa sautin daga tef ɗin asali. Duk wannan ya yiwu ne saboda wani ya ajiye masta a inda zafi da ƙura da gara ba su kai gare ta ba.

A nan tambaya take ga masu harkar fim na gida. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, bayansa kuma finafinai sun biyo ba adadi, kowane da kwalinsa da fastarsa da kaset ɗin waƙoƙinsa. Mastocinsu suna hannun wa? Kwalayen nan da aka dinga yagewa ana zubarwa a bakin shago, su ne obin gobe. 'Yan Deep Purple ma ba su san abin da suka riƙe ba a watan Agustan 1972. Sa'ar da suka yi ita ce, ko da suka raina aikin, ba su bari an goge tef ɗin an ɗora wani abu a kai ba.